Kwandon Belmiro

Akwai wata kwalba da ake sayarwa a shagon gidanmu. A jikinta an manna hoton wani mutum ya duƙa, kwandon inabi a bayansa, yana hawan matakalar dutse. Ita ce giyar da ta fi tsada a gidan, ita ce kuma baƙi suka fi ɗauka. Sai ka ga Bajamushe ya juya ta a hannu yana gyaɗa kai, wai hoton ya taɓa masa zuciya. Mutumin da ke jikin kwalbar ɗana ne, Belmiro, ɗan farina. A ɗakin da aka mayar shagon nan na haife shi, kan katifar ciyawa, akuya na ɗaure a bakin ƙofa.

Ni ce Zulmira. Na haura tamanin, ban taɓa zama a aji ba, amma kaina ba ya zubar da abin da aka yi mini. Matar da ta ara mini tukunya ranar bikina ta daɗe a ƙasa, har yau duk shekara sai na aika wa jikokinta ɓaure. Wanda ya hana mijina aron jaki a shekarar zaftarewar ƙasa, shi ma na san jikokinsa, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. To abin da aka yi wa Belmiro bana, a gaban idona aka yi shi, kuma zan faɗe shi yadda ya faru.

Kullum da hantsi Graciete, matar autana Amândio, takan tara baƙi a gindin zaitun ta ba su tarihin gida. "Da can ba abin da ke hawa nan sai akuya," in ji ta, "shi ya sa ake ce masa Tudun Akuya. Muka fasa dutse da hannunmu, muka gina katangu, muka dasa inabi."

Muka! Ita da ta shigo gidan nan ta tarar da famfo a kicin. Wanda ya fasa dutse mijina ne Casimiro, Allah ya jiƙansa. Da ciwon ƙirji ya kashe shi, Belmiro ne ya ɗauki gudumar, ko gemu bai fara ba, Amândio kuwa yana goye a jikina. Duk katangar da ke tudun nan daga bakin kogin Douro har sama, ko dai Belmiro ya gina ta ko ya sake ɗora ta bayan ta rushe. Yarinyar da Belmiro yake so ta gaji da jiran Amândio ya gama karatu kafin a yi aure, ta auri wani suka tafi Faransa. Bai sake neman wata ba.

Ba na cin haƙƙin kowa. Amândio ne ya dawo daga makaranta ya ce mu daina sayar wa manyan kamfanoni inabinmu a wulaƙance, mu matse abinmu mu zuba a kwalbarmu. Dabararsa ce ta sa muka yi rufin da ba ya yoyo. Shi ya sa da ƙarfina ya ragu na damƙa masa gonar gaba ɗaya. A kicin ne, na ce masa, "Abu biyu nake so. Yayanka a gidan nan zai mutu. Kuma muddin hannunsa na ɗaguwa, shi zai riƙa rataye reshe."

Ya kama hannuna ya sumbata. "Haba Inna, har sai kin faɗa?"

Reshen nan, ranar da aka gama yankan inabi masu yanka sukan sari gora, su ɗaura mata nonnan inabi mafiya kyau da furanni, su hawo da ita gida da kiɗa da waƙa, su miƙa wa uwar gida. Ita kuma ta ba namijin da ya ɗauki nauyin shekarar, ya sauke na bara ya rataye sabon a saman ƙofar ɗakin matsa inabi. Tun rasuwar Casimiro, hannu ɗaya ne ke wannan aikin a gidanmu.

Da ɗaki aka fara. Farkon bazara Graciete ta same ni ina ɓarar wake.

"Inna, baƙi sun yi mana yawa wannan watan. Ɗakin Yaya Belmiro kuma shi ne mai tagar da ke kallon kogi. Ko zai ɗan koma ɗakin baya na mako biyu?"

"Ɗakin kwanduna?"

"An share shi tas, Inna. Har labule na sa."

Na kalli Belmiro, yana bakin murhu yana wasa almakashinsa. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Ba komai, Inna. Ni kwana nake yi a ɗaki, ba kallon kogi ba. Kogin nan na gan shi ya ishe ni."

Mako biyun nan har yau ba su ƙare ba. Aka yi wa ɗakin fenti, aka sa gado mai fararen zannuwa, aka rataye hoton Belmiro a bango, wannan dai na jikin kwalba. Shi kuma yana can baya inda rana ba ta leƙawa, kusa da injin sanyaya giya da ke gurnani ba dare ba rana.

Sai tebur. Hannun Belmiro ya fara rawa shekarun nan, in ya ɗauki cokali rabin miyar a rigarsa take ƙarewa. Wata rana muna cin abinci da wasu masu saye daga Holan, ya zubar da kofi kan farin mayafin tebur. Washegari Amândio ya tsaya a bakin kicin yana sosa ƙeya.

"Yaya, na ga kamar kana takura in akwai baƙi. Ga yaren ba ji kake ba. A kicin ai za ka fi sakewa."

"Gaskiyarka, ɗan Inna," in ji Belmiro. "Dama kujerun nan naku ba sa son bayana."

Na ɗauki kwanona na bi shi kicin. Graciete ta biyo ni da sauri.

"A'a Inna, ke ki zauna mana. Baƙi suna son ganinki."

"Na sani. Kamar yadda suke son ganin tsohuwar gangar da ke bakin ƙofa. In suna son ganina su zo kicin."

Ni da shi muka riƙa cin miyar kabejinmu da burodin masara a kan benci. Yakan ce mini, "Ke dai Inna ba kya barin magana ta wuce." Na ce, "Kai kuma kana barinta ta wuce ta kanka da takalmi." Sai ya yi dariya ya tura mini ɓangaren burodin mai laushi, don ya san haƙorana.

Da lokacin yanka ya matso, Amândio ya zo da sabuwar shawara. Ai yanzu ba mai ɗaukar kwando a baya, ƙananan akwatunan roba ake cikawa mota ta kwashe. To wai baƙi suna so su ga yadda ake yi a da.

"Yaya, ba wani aiki ba ne. Ka sa tsohuwar hularka, ka ɗaura gammonka, ka hawo matakalar nan sau ɗaya da hantsi. Su ɗauki hoto, shi ke nan. Mutumin jikin kwalba da ransa! Ka san yadda za su ji?"

Fuskar Belmiro ta washe. Watanni ke nan ba wanda ya neme shi da komai. Ya je ya ciro gammonsa na buhu, wanda ake ɗaurawa a goshi ya kwanta a kafaɗa, ya kakkaɓe shi, ya sake ɗinke igiyar.

Ranar farko ya sunkuya aka ɗora masa kwando, ya yunƙura da ƙarfi kamar yadda ya saba, saura kaɗan ya kife ta gaba. Kwandon ba nauyi. Ya sauke ya tura hannu ciki. Ciyawa ce aka cusa har wuya, aka yaɓa inabi a sama.

"Wannan fa?"

"Don bayanka ne, Yaya," in ji Amândio. "A hoto ai ba a ganin ciki."

"Ni ai ina jin ciki."

"Haba Yaya, baƙi na jira."

Ya ɗauka. Ya hau. Aka tafa masa.

Ku da ba ku tashi a tudun nan ba, ba lallai ku gane ba. A nan, a da, da kwando ake auna namiji. Wanda ya rage wa kwandonsa inabi don ya ji sauƙi, har ya mutu ana kiransa da sunan tsiya, 'ya'yansa su gada. Belmiro kuwa shi ne wanda ake cewa a ƙara masa a sama, a danna. Masu yankanmu duk sun san wannan, su ma 'yan ƙauyen nan ne. Ba da mugunta suka fara tsokanarsa ba, wasa ne irin na gona.

"Belmiro, a kawo maka jaki ya taya ka cin kayan?"

"Ka yi a hankali, kada iska ta ɗauke ka!"

Isaura, shugabar mata masu yanka, wadda tare suka yi ƙuruciya da shi, ta ɗaga murya daga cikin kuranga: "Tsohon banza, da ka aure ni lokacin da nake binka, da yanzu jikoki kake goyo, ba abincin zomo ba!"

Ya yi musu dariya, amma da ya dawo kicin bai taɓa miyarsa ba. Na ce, "Ka daina, ka ce wa ƙaninka ba za ka ƙara ba." Ya ce, "Yaron nan yana da bashin banki a wuya, Inna. In hotona zai taimaka masa, mene ne a ciki?"

Abin da ya karya shi wata baƙuwa ce, siririya kamar tsinke, da gilashi a goshi. Bayan ya sauke kwandon a saman matakala, ta matso don a ɗauke su hoto tare, ta kama bakin kwandon da hannu ɗaya, sai ga shi ya taso. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗaga shi sama tana nuna wa 'yan uwanta, ciyawa na zubowa. Duk suka fashe da dariya. Graciete ma ta taya su, ta faɗi wani abu da Turanci, suka ƙara fashewa. Belmiro yana tsaye da gammo a goshi, yana kallon ƙasa.

Washegari ya riga kowa sauka gona. Ni ban sani ba sai daga baya. Ya zazzage ciyawar a gindin katanga, ya yanki inabi da hannunsa ya cika kwandon, ya danna, ya ƙara, yadda ubansa ya koya masa. Da lokaci ya yi ya ce wa mutanen da ke ɗora masa su ɗora. Suka ji nauyi, suka kalli juna.

"Belmiro, wannan ai na gaske ne."

"Da na ƙarya kuka saba gani? Ku ɗora."

Ina zaune a gindin zaitun na hango shi. Tun daga takun farko na gane, don na san tafiyar mai kaya. Na miƙe ina kiran Amândio, muryata ba ta kai ba. Masu yanka suka ajiye almakashi, tudun ya yi tsit. Yana hawa, jijiyoyin wuyansa sun fito, sandarsa na rawa. Ya wuce rabi. Ya kusa kaiwa, har ina ganin gumin da ke ɗiga daga haɓarsa. Sai gwiwar hagu ta lanƙwashe. Kwandon ya ja shi baya, suka gangara tare.

Da na isa kansa, ƙafarsa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Inabi ya watse ko'ina a kan matakala. Ya buɗe ido ya ce, "Ku tsince, kada a tattaka."

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka kai shi asibiti a Vila Real, aka yi masa aiki. Sau ɗaya aka kai ni na gan shi. A hanyar dawowa Amândio yana tuƙi yana huci.

"Wa ya ce ya cika? Wa ya aike shi? Da kan baƙo ya faɗo fa, Inna? Da yanzu an rufe mu!"

"Wa ya ɗora masa ciyawa a gaban mutane?"

"Don lafiyarsa na yi!"

"Don lafiyarsa da ka bar shi ya zauna a inuwa. Ni dai ka faɗa mini, yaushe zai dawo gida?"

Muka wuce gada. Sannan ya sassauta murya. "Ranar reshe. Ni da kaina zan je in ɗauko shi. Ko a kujera ne sai mu ɗaga shi ya rataye."

"Ka rantse."

"Na rantse da kabarin Baba."

Na riƙe wannan. Daga nan duk ranar da na ce a kai ni asibiti sai an sami dalili. Yau mota na kai kaya Porto. Gobe likita ya hana ziyara saboda mura na yawo. Jibi Graciete ta ce, "Inna, hanyar nan mai lanƙwasa tana tayar miki da zuciya, ki bari mana, ai ya kusa dawowa." Yanka kuma ya kankama, kowa na gudu, ba mai tsayawa ya saurari tsohuwa.

Ranar reshe na tashi da wuri na ɗora wake da kabeji da ƙashin alade, yadda yake so. Na ɗauki zannuwan gado wankakku na zagaya baya don in gyara masa shimfiɗa. Na tura ƙofar ɗakin kwanduna, ta ƙi buɗuwa sosai. Na leƙa. Babu gado. Babu akwatinsa, babu takalmansa, babu hoton ubansa. Kwalaye ne jibge har rufi, kowanne da hoton mutum ya duƙa da kwando a bayansa.

Na juyo, idona ya sauka kan ƙofar ɗakin matsa. Ƙusar tana nan, reshen bara babu. Na same shi a bayan gida kan tarin shara, an karya shi biyu.

Isaura ce ta tarar da ni tsaye a wurin, zannuwa a hannu. Ta kalle ni, ta kalli ƙofar, ta dafe ƙirji.

"Wayyo Inna Zulmira, ashe ba su faɗa miki ba? Ai tun makon jiya aka sallame shi. Gidan tsofaffi aka wuce da shi, can bayan duwatsu, hanyar Chaves. Direban motar asibitin mijin 'yar ƙanwata ne. Na ɗauka da saninki, har ina jin haushinki a raina."

Na sami Amândio a shago yana jera kofuna. Graciete na gefensa da furanni.

"Ba ka tafi ɗauko yayanka ba?"

Ya ajiye kofi. "Inna, zauna tukuna."

"A tsaye na haife ka, a tsaye zan ji."

"Likita ya ce yana buƙatar kulawa dare da rana. Nan duk matakala ce. Wa zai ɗaga shi? Ke?"

"Shi wa ya ɗaga ka lokacin da ƙyanda ta kwantar da kai? A bayansa ya sauke ka har garin Pinhão wurin likita, cikin ruwan sama."

"Wannan ai da ne, Inna."

Graciete ta sa baki. "Wurin fa mai kyau ne, Inna. Akwai ɗumi, akwai masu jinya, har talabijin a ɗaki. Kuma mu muke biya, ba gwamnati ba. Ba kowane ƙani zai yi wannan ba."

"Ke da wa nake magana?"

Na juya wurin ɗana.

"Ka rantse mini da kabarin ubanka, Amândio."

"Don hankalinki ya kwanta ne. Da na faɗa miki gaskiya da kin tayar mana da rigima a tsakiyar yanka. Bayan biki za mu zauna mu yi magana, na yi alkawari."

"Wani alkawarin kuma? Ajiye shi, kada ya ƙare maka."

Kafin ya amsa sai ga kiɗa daga ƙasan tudu. Masu yanka sun taho. Baƙi sun cika tsakar gida, mota biyu aka kawo su daga jirgin ruwan masu yawon buɗe ido da ke kogi, kowa ya ɗaga waya. Graciete ta gyara mini ɗankwali da hannunta, ta ja ni bakin ƙofa inda uwar gida ke tsayawa. Na tsaya. Isaura ce a gaba da reshe, idonta jawur, mata na waƙa a bayanta amma waƙar ba ta da daɗi ranar. Ta miƙo mini, na karɓa. Gora ce doguwa, inabi baƙi da fari na reto a jikinta.

Amândio ya matso, ya sa sabuwar riga, an riga an jingina masa tsani a ƙofar ɗakin matsa. Ya miƙo hannu yana murmushi.

Na kalli hannun. Na bi ta gefensa na wuce.

"Inna," ya ce ƙasa-ƙasa, yana biye da ni. "Inna, don Allah. Mutane na kallo."

"Su kalla mana. Ai kuɗin kallo suka biya."

Na ratsa tsakar gida da reshen a kafaɗa, ina dogara sanda. Na ce wa Isaura, "Ina ɗanki mai akori-kura? Ce masa ya tayar." Baƙi suka buɗa mini hanya. Ina jin Graciete a bayana ta ɗaga murya da Turanci, sai aka ɗauki tafi raf-raf-raf. Daga baya aka fassara mini. Wai ce musu ta yi al'adarmu ce, tsohuwar gida takan zagaya da reshe ta sa wa gona albarka.

Tafiyar da nisa, ga hanya duk kwana. Isaura ta riƙe gindin gorar, ni na riƙe sama, kan reshen ya leƙa ta taga. Da la'asar muka isa. Gini ne fari mai tsabta, ba zan yi musu ƙarya ba. Wata ma'aikaciya ta raka mu har ɗakin.

Yana zaune a keken guragu a bakin taga, tagar na kallon wurin ajiye motoci. An aske masa gashin baki. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɓalla maɓallan a karkace. A kan cinyarsa ga jakarsa, a ɗaure, ya dafe ta da hannu biyu.

"Tun safe yake nan," in ji ma'aikaciyar. "Ya ƙi cin abincin rana, wai za a zo ɗaukarsa, a gida zai ci."

Ya juyo ya gan mu. Ya leƙa bayanmu.

"Amândio yana mota?"

Ashe shi ma abin da aka faɗa masa ke nan. Isaura ce ta ce, "Yana fama da baƙi, tsohon banza. Mu ba mu ishe ka ba?"

Ya kalli reshen, ya daɗe yana kallo. Ba wawa ba ne ɗana. A hankali ya sauke jakar daga cinyarsa ya ajiye a ƙasa.

"An gama ke nan."

"An gama," na ce.

"Ruwa bai taɓa inabin saman tudu ba?"

"Bai taɓa ba."

Ya miƙa hannu ya tsinki ƙwaya ɗaya ya sa a baki. "Na katangar Baba ne wannan." Ya tauna, ya haɗiye har 'ya'yan. Sannan ya ce, "Inna, kada ki riƙe yaron nan a zuciya. Ni na kunyata shi a gaban baƙinsa."

A nan ne na ji abin da ban ji ba ko ranar da aka binne Casimiro. Na ce, "Rufe mini baki, Belmiro. Karɓi reshenka ka rataye."

Ya ɗaga kai ya dubi saman ƙofa. Ma'aikaciyar ta ce a yi haƙuri, ba a buga ƙusa a bango a nan. Ko da ana bugawa, ba zai iya miƙewa ba. Isaura ta tura kekensa har bakin ƙofa. Ya kama gorar da hannuwan nan masu rawa, ya ɗaga iya inda za su kai, ya saƙala igiyar a mariƙin ƙofa. Gindin reshen na jan ƙasa. Isaura ta fara waƙar reshe, muryarta ta karye a baiti na biyu, ta bari.

Da za mu tafi ya ce in zuba wa karensa da ya bari a gida ruwa, don ba mai tunawa.

Washegari da safe na fito na ga reshe a saman ƙofar ɗakin matsa. Na matsa kusa. Inabin roba ne, irin wanda ake sayarwa a shagon Sinawa a garin Régua, da furannin leda. Graciete ta ce ma ya fi, ba ya bushewa, ba ya tara ƙuda. Da hantsi kuma na ga wani ƙato daga cikin masu tuƙa mota, an sa masa hular Belmiro da gammon Belmiro, yana hawan matakala da kwandon ciyawa yana nishin ƙarya. Aka tafa masa.

Zaman da Amândio ya ce za mu yi bayan biki, har an fara sanyi ba a yi shi ba. Yakan shigo kicin da safe ya ce, "Ina kwana, Inna," ya sunkuyo zai sumbaci hannuna. Sai in tura hannun ƙarƙashin zane. Ya ce wa matarsa tsufa ne ya fara taɓa mini kai. Kaina lafiya lau. Ina sane da ɗaki, ina sane da tebur, ina sane da ciyawa, ina sane da kabarin da aka rantse da shi. Ba abin da zan iya ƙwacewa, gonar na riga na bayar. Amma hannun nan ba zai ƙara taɓa shi ba sai ranar da ya shigo tsakar gidan nan yana tura keken yayansa.

Duk Lahadi ɗan Isaura yana kai ni. Inabin reshen ya bushe, ma'aikatan gidan sun so su zubar, Belmiro ya hana. Ya rame. Ya daina tambayar Amândio. Jakar dai tana nan a ɗaure a gindin gado, ya ƙi a kwance ta.

Bana an ƙara wa kwalbar kuɗi, an kuma rubuta sunansa a ƙasan hoton da ruwan zinariya. Na ji Graciete tana gaya wa baƙi wai don girmama shi ne. Wata baƙuwa ta tambaya ko ya daɗe da rasuwa. Graciete ta sunkuyar da kai, ta yi ajiyar zuciya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Matar ta sayi kwali guda.

To in kwalbar nan ta zo hannunku, ku dubi mutumin da kyau. Kwandon da ke bayansa a hoton cike yake, ni shaida ce, ina wurin aka ɗauka. Kuma bai mutu ba. Yana hawa na biyu, ɗakin ƙarshe a hannun hagu, wanda busasshiyar gora ke rataye a mariƙin ƙofarsa. Ana barin ziyara daga bayan abincin rana.